Goron Baba da Makarantar da Ba Ta da Ƙofa

Shekarun baya, tun kafin wannan furfurar da kuke tsokanata da ita a hoto ta fito, wani abu ya shiga tsakanina da mahaifina wanda ban taɓa ba kowa labarinsa ba sai matata. Jiya wani daga cikinku ya tambaye ni yadda na zaɓi makarantar da na yi digirina na biyu ta intanet. Na gyara zama na ba shi amsa irin ta masu ilimi: ka tabbatar hukuma ta san da makarantar, ka duba aljihunka, ka duba tsawon lokaci. Duk gaskiya ne. Sai dai ni ba haka na zaɓi tawa ba, kuma tun jiyan abin yake mini yawo a rai, don haka ga yadda aka yi.

Mahaifina falken dabbobi ne. Ƙuruciyarsa duk a tsakanin karar Daura, wato kasuwar dabbobi, da kasuwannin bakin iyaka ya ƙarar da ita, yau yana kasuwar garin Babban Mutum, gobe ya koro awaki ya nufo gida. Bai yi boko ba, amma yana da wata ɗabi'a da ba ya wasa da ita. Duk makarantar da ɗansa zai shiga, shi zai kai shi da ƙafarsa, da goro ƙunshe a ganye. Sai ya nemi malamin, ya kama hannun yaro ya sa a cikin na malam, ya ce, "Ga amana." Haka ya yi mini a firamare, haka a sakandare, haka a jami'a. Da na samu gurbin digiri na biyu a wata jami'a mai nisa da gida, lokacin ina da gemu, ina koyarwa a sakandare, har an sa mini ranar aure, na ɗauka na tsira. Ashe ya riga ya aika an sayo goron.

Na ce, "Baba, a can fa ba a yin haka. Duk manya ne."

Ya ce, "Manyan ba su da iyaye ne?"

Haka muka je. A gaban ɗalibai da masu aikin ofis ya kama hannuna ya damƙa wa malamin da zai kula da karatuna. Na sunkuyar da kai don kunya, malamin kuwa ya karɓi goron da hannu biyu yana ta murmushi.

Na yi shekara guda a can, na kuma ci duk darussan da aka koya mana. Saura wasu kaɗan da aikin bincike, sai aka bugo mini cewa Baba ya faɗi a kara yana tsakiyar ciniki. Shanyewar ɓarin jiki ce. Ni ne ɗan fari, kuma ni kaɗai ne namiji da ya girma a lokacin, don haka na ɗauko jaka ɗaya na taho da niyyar in yi wata ɗaya ko biyu. Jinya ta miƙe. Ni ne wanka, ni ne alwala, ni ne ɗauka a sa shi a motar Katsina zuwa asibiti. Kafin ya soma taka ƙasa da sanda, wa'adin da jami'a ta ɗibar mini ya wuce. Ba zan ce ban ji zafi ba, na ji. Amma ko sau ɗaya ban taɓa cewa da na sani ba.

A duk ayyukan jinyar nan akwai wanda na fi so, yankan farce ranar Juma'a da hantsi. Hannunsa na dama ya naɗe, yatsun sun dunƙule, sai na jiƙa shi a ruwan ɗumi in riƙa buɗe su ɗaya bayan ɗaya. A nan zaure muke zama. Harshensa bai gama warwarewa ba, amma a haka yake ba ni labarin wani bijimi da ya taɓa yi masa gardama a hanyar Zango, ko yadda ake gane tunkiya mai ciki tun daga tafiyarta. Mu da muka tashi da kunyar ɗan fari a tsakaninmu, ba mu taɓa doguwar hira ba sai a wannan zaman. Ina jiran Juma'a kamar yaro mai jiran kasuwa.

Allah ya ba shi sauƙi. Magana ta dawo, ƙafa ta dawo, hannun ne dai bai dawo duka ba. Sai kuma na ga Baba ya canza mini. In na ɗauko buta zan zuba masa ruwa sai ya ce, "Ajiye." In na kama masa hannun riga sai ya janye. Wata Juma'a na fito da kwanon ruwan ɗumi, na tarar da shi a zaure ya miƙa hannu ga wani mai yankan farce, irin masu yawon nan suna kaɗa almakashi a kan titi. Na tsaya riƙe da kwano kamar wanda aka aika bai san gidan ba. Bai ko ɗago ba ya ce, "Je ka harkokinka."

Wallahi abin nan ya yi mini ciwo fiye da karatun da na rasa. Kuma ba na rana ɗaya ba ne, shekaru aka yi a haka. Na yi aure, na samu 'ya'ya, ina gidan nan kusa da shi, amma hannunsa ya zama haramun a gare ni. Na bincika kaina har na gaji, ban ga inda na saɓa masa ba.

Mahaifiyata ce ta warware mini. Ita ba ta kiran sunana, ba ta ma cika yi mini magana kai tsaye ba. In tana da saƙo sai ta gaya wa tukunya ko rariya, ni kuma in tsinta. Ranar na shiga gaishe ta tana tankaɗe, na ɗan yi ƙorafi a fakaice. Ba ta kalle ni ba ta ce, "Wasu dai gani suke fushi ake yi da su. Ba su san bawan Allah kwana yake yana tashi da cewa shi ya cinye wa yaro karatu ba. Ya ce duk ranar da aka riƙe masa hannun nan, shekarar karatun nan yake tunawa, an sha wahalarta ta tafi a banza saboda shi. Ya ce ya ci abin da ya ci, ba zai ƙara cin ko awa ɗaya ta yaron ba."

Na tashi na fita. Da yamma na same shi na yi masa dogon bayani, na ce Baba ni ban rasa komai ba, ladan da na samu ya fi digiri. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Na ji," ya kunna rediyonsa. A nan na gane magana ba za ta yi ba. Mutumin da ya shekara arba'in ba ya sayen dabba sai ya buɗe bakinta ya ga haƙori, ba za a lallashe shi da daɗin baki ba. Sai ya ga shekarar nan da idonsa tana nan da ranta.

Barin Daura kuwa ba zai yiwu ba, ga aiki, ga iyali, ga shi kansa. Don haka na koma neman karatu ta intanet. Jama'a, wanda bai shiga wannan kasuwa ba bai ga ciniki ba. Ka danna ɗaya, goma su biyo ka har cikin waya. Akwai wadda ta yi mini alƙawarin digiri cikin 'yan watanni ba jarrabawa ba komai, har suna kirana suna tambayar lafiyar iyalina. Ni da nake ɗan falke ai na san in mai kaya ya cika fara'a sai a sake duba kayan. Na bincika, babu hukumar da ta san da zamansu.

Abokina da muke koyarwa tare shi ya riga ni shiga harkar, kuma ya samu mai kyau. Makarantarsa sananniya ce, ga sauƙin kuɗi, ana biya kaɗan-kaɗan, ga sauri. Na kusa cika takardarsu, sai na tambaye su ko za su karɓi darussan da na riga na ci a tsohuwar jami'ata. Suka ce a'a, kowa daga farko yake farawa. Na ci gaba da nema har na samu wata da ta ce tana karɓa. Sai dai ta ɗan fi tsada, sai an biya kuɗin tantancewa, sai tsohuwar jami'a ta aiko da sakamako da bayanin kowane darasi da sa hannun shugaban sashe. Kuma suna da ƙa'ida cewa darasin da ya wuce wasu shekaru ya tsufa, ba sa ɗauka. Nawa suna dab da bakin wannan iyaka. In na bari zangon ya wuce, shi ke nan.

Abokina ya zaunar da ni a ɗakin malamai ya yi mini lissafi. Ya ce, "Malam, ka dubi Allah. In ka haɗa jiran takardu da kuɗin mota da na tantancewa, ni da na fara daga farko zan riga ka gamawa, kuma da sauran canji a aljihuna. Me za ka yi da tsofaffin darussa? Ko gado ne?"

Na ce, "Kusan haka ne."

Ya yi gaskiya, ta kowace fuska tasa ta fi. Amma ni ba digiri kaɗai na fito saye ba. Shekarata nake so a karɓa, a rubuta cewa an yi ta kuma ta yi amfani.

Da na kai wa Baba maganar sai ya rage muryar rediyo, abin da ya daɗe bai yi mini ba. Ya jero tambayoyi. A wane gari take? Ina ƙofarta? Wa ya taɓa zuwa ya gani? Na ce Baba ba ta da ƙofar da za mu shiga, a waya da kwamfuta ake yi. Ya girgiza kai ya ce duniya ta zo da abin mamaki. Da na zo kan cewa za su iya karɓar karatun da na yi a baya in ɗora daga inda na tsaya, sai ya ce, "Ba ya ruɓewa?"

Na ce, "Ya kusa, amma bai ruɓe ba tukuna."

Ya ce, "To ai ba a ɗauke yaro daga hannun malami a kai wa wani ba da izinin na farko ba. Ni na kai ka da hannuna, ciwona ya janye ka, ko sallama ban yi da bawan Allahn nan ba. Yaushe za ka karɓo takardun? Tare za mu."

Na yi magiya, mahaifiyata ta gaya wa murhu cewa wasu ba su san jikinsu ba, duk a banza. Muka shiga mota, shi a gaba da sandarsa da ƙunshin goro a cinya. Tafiyar ta wahalar da shi ƙwarai, amma ko ruwa bai yarda na riƙe masa ya sha ba. Malamina na da, ashe shi ne ya zama shugaban sashen. Ni bai gane ni nan take ba, amma yana ganin Baba ya miƙe tsaye ya ce, "Alhaji mai goro!" Ya ce tun da yake koyarwa ba a taɓa damƙa masa mai gemu amana ba sai ranar. Baba ya ba shi haƙuri, ya ce ya zo ne ya karɓi amanarsa ta hanyar da ta dace, ya kuma nemi izinin kai ni gaba. Malamin ya ce ya ba da izini da zuciya ɗaya, abin da na karanta nawa ne, babu mai ƙwace mini. Ya sa hannu a takardun a gabanmu. A hanyar dawowa, da muka hango Daura, Baba ya ce, "Saura su can su yarda."

Jiran ya yi tsawo. Kullum na shigo gaishe shi da safe sai ya dube ni, in girgiza kai, ya mayar da idonsa kan carbi. Mai almakashi kuma bai fasa zuwa ranar Juma'a ba. Na soma tsoron cewa in suka ƙi, na ɗauko tsohon nan na ɗora shi a kan tsammani ne kawai don in sake kayar da shi, ciwon ya fi na da.

Daga baya suka sa mini ranar da zan gana ta bidiyo da malamar da za ta kula da karatuna, ita ce kuma za ta gaya mini sakamakon tantancewar. Safiyarsu la'asar ɗinmu ce. Na gaya wa Baba don ya taya ni addu'a kawai. Ina dawowa daga masallaci na tarar an share zaure an shimfiɗa darduma, yana zaune cikin babbar rigarsa ta Idi da hula, sai ƙamshin turare yake.

Na ce, "Baba, ai ba za ta ji ƙamshin ba."

Ya ce, "Ni ina ji."

Na jingina wayar da buta, don a nan ne sabis ya fi kamawa. Malamar ta bayyana, dattijuwa ce mai gilashi da farin gashi. Na gabatar da shi ina in-ina, ina tunanin yadda za ta ɗauki ɗalibin digiri na biyu da ya zo da babansa. Baba ya fara gaisuwa. Ya tambayi gidanta, da yara, da aiki, da ruwan sama a wajensu. Ya ba ta tarihina tun daga yaye, ya ce ba ni da rashin kunya sai dai taurin kai da son barci. Ni kuma na juya mata da Turanci cewa mahaifina yana gaisuwa.

Ya harare ni ya ce, "Kai, duk maganar nan da na yi ita ce ka dunƙule a kalma uku? Ko a kara dillali ba ya cin rabin magana haka. Faɗa mata duka."

Haka na zauna ina fassara wa baƙuwa cewa ina da son barci. Ta yi dariya har ta cire gilashi. Sai Baba ya gyara zama, muryarsa ta sauka, ya ce, "Tambaye ta. Shekarar nan da ka yi, sun karɓa ko ba su karɓa ba? Ka gaya mata ni na katse ta, ba kai ba."

Na faɗa mata yadda ya faɗa. Ta daina dariya. Ta duba takardar gabanta ta ce sun karɓi duka in ban da darasi ɗaya da ba ya cikin tsarinsu, kuma abin da ya rage mini bai kai rabi ba. Ta ce in gaya wa mahaifina aikin da na yi a shekarar nan mai kyau ne, babu abin da ya lalace a cikinsa.

Na gaya masa. Ya ce, "Sake faɗa." Na sake. Ya ce, "Ɗaya kawai suka bari?" Na ce ɗaya. Ya ce, "Ɗaya ai ba komai. Wanda ya koro garke daga nesa ya iso ɗaya kawai ya rasa ai sai godiya."

Daga nan ya buɗe ganyen goro ya ɗaga shi saitin wayar don ta gani. Sannan ya miƙo hannunsa na dama, naɗaɗɗen nan da ya hana ni taɓawa shekara da shekaru, ya kama wuyan hannuna da iya ƙarfin da ya rage masa. Ya ɗaga hannun nawa zuwa fuskar wayar ya ce, "Ga amana."

Wannan karon ban sunkuyar da kai don kunya ba, hawaye ne suka hana ni fassarawa. Sai da na haɗiye su na yi mata bayanin abin da ake nufi. Matar nan ta ɗora tafin hannunta a kan gilashin kwamfutarta ta ce ta karɓa. Goron kuwa da magariba aka rabar da shi a masallacin unguwa, kowa na tambaya ko ɗaurin aure aka yi, Baba na cewa na malamar yaron nan ne, tana nesa.

Ranar Juma'ar da ta biyo ina ɗaki ina fama da darasin farko, na jiyo ƙarar almakashi a ƙofar gida. Na ji Baba ya ce, "Yau ka wuce, Allah ya ba da kasuwa." Aka ɗan jima. Sai na ji ya ɗaga murya, ba sunana ya kira ba, don bai taɓa kira ba.

"Wai babu ruwan ɗumi ne a gidan nan?"

Na bar kwamfutar a buɗe na fita ko takalmi ban sa ba. Mahaifiyata ta riga ta juye ruwan a kwano, tana gaya wa buta cewa wasu dai su yi a hankali kada su ƙona mutane.

Karatun na gama shi, kuma kamar yadda abokina ya faɗa, ya riga ni gamawa, har yau yana mini gori. Takardar digirin tana cikin akwati, sai in za a yi ƙarin girma nake tuna ta. Baba ya rayu har ya gan ta, ya juya ta gaba da baya, ya ce takarda mai kauri ce, ya miƙo mini. Ba ta dame shi kamar ranar da aka ce an karɓi shekarar nan ba. Bayan haka mun samu Juma'o'i masu yawa a zaure, na ji ƙarshen labarin bijimin hanyar Zango har na haddace, kafin Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan naku.

Don haka ɗan'uwana mai tambaya, amsar da na ba ka jiya tana nan, ka bi ta. Ka guji masu yawan fara'a, ka tambaya tun da wuri ko suna karɓar abin da ka riga ka karanta, kada ka bari ya tsufa. Amma ka tambayi kanka abin da ka fito saye, don wani lokacin mai araha da saurin ba ita ce taka ba. Ni dai na biya fiye da abokina, na kuma daɗe fiye da shi, kuma ban taɓa cinikin da na ci riba kamarsa ba. Har yau in na ji mai almakashi ya wuce ta ƙofar gida ranar Juma'a da hantsi, sai na tsinci kaina ina kasa kunne ko za a tambayi ruwan ɗumi.